Shekarar da Gawie Cloete Ya Nemi a Tura Masa

Gawie Cloete bai ga teku ba sai da ya cika shekara arba'in da ɗaya. A De Aar aka haife shi, garin da ba abin da ya fi yawa a cikinsa kamar layin dogo da iska da tumaki, kuma aikin jirgin ƙasa ya gada a wajen ubansa. Shi ne mai bin taragu da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron wadda ta tsage. A ƙuruciyarsa, mai launin fata irin nasa ba ya kwana a bakin ruwan da Turawa ke hutu, don haka ko a ransa bai taɓa sa abin ba. Da aka cire allunan da ke hana irinsa shiga bakin ruwan, sai ya sayi tsohon karaban a hannun wani direban jirgi, ɗaki guda mai taya biyu da mota ke ja, da gado da murhun gas a ciki. Ya ɗaura shi a bayan motarsa, ya ɗauki matarsa Lenie, suka yi kwana biyu a hanya har Kraaipunt.

Kraaipunt zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, ba wutar lantarki, ba famfo, ruwan sha ma sai wanda ka zo da shi a jarka. Filin ajiye karaban ashirin ne kacal, kuma kowane yana da mai shi. Dokar wurin ɗaya ce: kafin ƙarshen Satumba ka buga waya ka ce kana zuwa, a Disamba kuma a gan ka. Wanda ya tsallake shekara guda ya rasa filinsa, an ba na gaba a layi, alhali akwai masu shekara goma suna jira. Na Gawie shi ne na goma sha bakwai, can ƙurya, a gangare, tsakanin duwatsu biyu. Ba a shigarsa sai da ribas.

To, a nan mutanen karaban suke da mugunta. Da an ji ƙarar mota, maza za su jawo kujeru su zauna da kofin kofi, su zuba ido. Wanda ya shiga a tashi ɗaya, a ɗaga masa kofi. Wanda ya kasa har ya kwance ƙugiyar da ke haɗa karaban da mota aka tura masa da hannu, ya shiga uku, don har ya bar wurin shi ne abin hira. Gawie kuwa, shekara ashirin da takwas bai taɓa yin ribas sau biyu ba. Kuma bakinsa bai bar kowa ba. In ana tura wa wani, muryarsa ce kan gaba: "Ku kawo masa jaki mana, tun da mota ta fi ƙarfinsa."

Gaskiyar magana, Gawie bai iya ribas ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da abin da ke tafiya a kan ƙarfe miƙaƙƙe, ina ya san karkata wutsiyar tirela? Lenie ce ke sauka ta tsaya a baya daidai madubinsa. Ba ta cewa uffan. Ta ɗaga yatsa biyu ya juya sitiyari kaɗan, ta kwantar da tafi ya saki, ta dunƙule hannu ya taka birki. Shi hannun nan kawai yake kallo, bai taɓa duban duwatsun ba.

Bara ciwon suga ya cinye idon Lenie na hagu, a watan Yuni na bana na dama ya bi shi. Tana gane rana daga dare, shi ke nan.

Duk da haka, da Satumba ta kama ta fara shirinta kamar kullum. Ta sa aka sauko da jarkoki, tana shinshina kowace don ta ji ko ta yi wari. Ta lalubi gwangwanayen busasshen biredi ta jera. Da bakinta take karanto wa Gawie abin da ba a saya ba tukuna, gawayi, man fitila, igiyar ɗaure rumfa don iskar kudu. Ta ce masa ba ta damu da ganin ruwan ba, ta gan shi ya ishe ta, ƙamshinsa take so da sanyin nan da ke shiga ta taga da asuba.

Shi kuwa sai kawo dalilai. Yau tayoyin sun tsufa, gobe an ce ruwan sama ya lalata hanyar. Ya sa aka canza tayoyin, sai ya ce ai ƙugiyar ce ke motsi. Wayar ce dai bai buga ba, kuma kwana tara suka rage.

Ran wata Talata da hantsi ya ja karaban zuwa filin ƙwallon da ke bayan coci, lokacin da ba kowa. Ya kafa ganga biyu a madadin duwatsun. Lenie ta ce za ta bi shi ta sha iska, ta zauna a gaba da hannayenta a kan cinya. Ya sa giyar baya. Wutsiyar ta tafi dama, ya gyara, ta ƙara tafiya dama. Ya ja gaba ya sake. A karo na huɗu ganga ta faɗi ta gangara.

"Ta hagu ce," in ji Lenie.

"Na gani."

"Ba ka gani ba, ji ka yi, kamar ni."

Ya yi ta yi har rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sau ɗaya ya wuce tsakanin gangunan, shi ma a karkace, kuma nan fili ne shimfiɗaɗɗe, ba gangare, ba masu kallo. Ya kashe mota ya zauna. Duk lokacin da ya ɗaga ido ga madubin, sai ya ga ciyawa da bangon coci, kuma wannan ya fi kayen yi masa ciwo.

"Tsoho," ta ce, "in ba za mu je ba, ka faɗa mini yau in daina shinshinar jarka. Ba zan yi fushi ba. Amma kada ka sake ce mini taya ce."

Ya san in suka bar filin nan sun bar shi har abada, don shekara goman jira ba ta cikin abin da ya rage musu. Ya kuma san fuskokin da za su jeru a kujeru, ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya taɓa faɗa wa kowannensu.

Da suka koma gida ya wanke fuska, ya ɗauki waya a kicin inda take zaune. Ya fara kiran mai kula da wurin, ya ce fili na goma sha bakwai na nan tafe. Sannan ya kira Attie Links na fili na sha shida, masunci ne a da, mutumin da ake tura wa karaban kusan kowace shekara, wanda ya fi kowa shan bakin Gawie.

"Attie, Gawie ne."

"A'a, sarkin ribas da kansa. Yaya jikin 'yar'uwata?"

"Da sauƙi. Ran sha shida ga Disamba za mu iso, wajen la'asar." Ya yi gyaran murya. "Ina so ka tara mini mutum huɗu. Zan kwance karaban a bakin gangare."

Gawie ya matse wayar a kunnensa. Yana jira a rama masa, ya ma riga ya shirya haɗiyewa.

"Huɗu ba za su iya ba," in ji Attie. "Gangaren nan na da santsi, kuma ka san Lenie da lodin kaya. Shida zan nemo. Ka zo da itace biyu na tare taya."

"To."

"Kuma Gawie, ba wanda zai fito da kujera. Ni na faɗa."

Ya ajiye wayar a hankali. Lenie ta ji komai, amma ta tambaye shi me Attie ya ce, ya maimaita mata. Ya ƙara da cewa ita sai ta zauna a mota har a gama, don wurin akwai tuntuɓe.

"A mota? Ina zaune kamar buhu, kai kana can kana cin kunyarka kai kaɗai?" Ta girgiza kai. "Shekara ashirin da takwas tare muka shigar da abin nan, an ɗaga maka kofi ban ce komai ba. Bana ma tare za mu shigar da shi. Ka kai ni bayansa, ka ɗora hannuna a jikinsa, ka tsaya kusa da ni. Turi ba ya bukatar ido."

Gawie ya kalle ta. Sannan ya sake ɗaukar wayar ya kira Attie, ya ce masa mutum biyar ma sun isa.