Ashe Motata Ce Ke Ƙara Wa Kanta Mai

Ina tsaye a garejin makanike Malam Sabi'u a Tudun Wada, ya jona 'yar kwamfutarsa ta gwajin mota a ƙasan sitiyarin motata. Washegari zan ratsa dajin Falgore da Inna zuwa Doguwa, ga motar tana karkarwa tana zuƙar mai. Tsorona kada ta mutu mana a daji.

Ya nuna min wata lamba mai alamar ƙari a fuskar kwamfutar.

Ya ce, "Iska ce ke shiga injin ta ɓarauniyar hanya. Ƙwaƙwalwar motar ta ga mai ya yi kaɗan, shi ne take ƙarawa da kanta. Da mai ne ya yi yawa, alamar ragewa za ka gani."

Na ce, "Malam, mota ta san duk wannan?"

Ya ce, "Zuba ido."

Ya laluba cikin injin ya toshe wani tsagaggen tiyon iska da yatsa. Wallahi a gabana lambar ta dinga sauka har ta kusa sifili, injin ya natsu.

Tsigar jikina ta tashi. Na daɗe ina zagin motar nan, ashe ita ke rufa min asiri.

A cikinku akwai wanda ya taɓa ganin haka?