Ƙawar Inna ta Ruga

Ko yau in na ji ƙamshin man shanu a gashin yarinya, sai kaina ya ɗan yi nauyi, kamar ana ja mini kitso.

Daga Shagari aka kawo Inna aure Bodinga, ba ta san kowa ba. Ta ce ranar da ta kai ni allurar rigakafi na dinga tsala kuka har ta rasa yadda za ta yi. Wata Bafulatana da ke kusa da ita a kan benci ta miƙa mata tata jaririyar, ta karɓe ni ta rungume, na yi shiru. Da suka yi hira, ashe damina ɗaya aka haife mu. Daga ranar Inna ta samu ƙawa, ni kuma na samu Goggo.

Rugarsu tana wajen Lambara. Duk ranar kasuwa, in ta sayar da nononta, sai ta biyo gidanmu da 'yarta. Ta ajiye ƙwarya a inuwar rumbu, Inna ta dama fura, su miƙe ƙafa. Ba wata babbar magana suke yi ba: wa ta fara haƙori, wa ta ƙi yaye, wa ta fi ƙiriniya. Mu kuwa muna gefe muna dafa tuwon ƙasa a gwangwani. In za su tafi, Inna ta cusa mata albasa a ƙwarya, ita tana ƙi, Inna tana ƙarawa.

Muna dab da shiga makaranta aka yi wata bazara mai tsanani, sanƙarau ya shiga ruga. Kasuwa ta ci, ta sake ci, Goggo ba ta zo ba. Wata mai tallar nono ce ta gaya wa Inna an binne yarinyar.

Inna ta tafi gaisuwa ita kaɗai. Ta bar ni gida, wai kada ganina ya ƙara wa Goggo ciwo. Daga baya ta ba ni labari cewa tana shiga bukka Goggo ta leƙa bayanta.

"Ina ɗiyata? Don mi ba ki taho da ita ba?"

Inna ta ce nan take kuka ya ci ƙarfinta.

Da ruwa ya sauka Goggo ta dawo. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta kwance mini kai, ta shafa man shanu. Hirar tasu ta ragu, domin rabinta ya tafi. Inna ta daina faɗin abin da na iya, sai in Goggo ta tambaya. In ta gama kitson, takan tsayar da ni ta jingina kaina da jikinta, ta ga inda na kai.

"Da yanzu ita ma ta kawo nan," ta ce wata rana, hannunta a ƙirjinta.

Shekarar da na gama firamare wurin kiwo ya yi wa su Goggo ƙaranci, suka tashi. Inna ta raka ta har bakin titi, ta tsaya har motar ta ɓace. Ba waya a lokacin. Har Allah ya karɓi ran Inna, ba ta ga mai tallar nono ta wuce ba tare da ta tambaye ta labarin Goggo ba.

Yanzu ni nake tsayawa a ƙofar makarantar 'yata tare da sauran iyaye. Mukan gaisa, mu yi dariya, muna da lambobin juna. Bara wata daga cikinmu ta daina zuwa, sai muka ji ɗanta ya rasu. Muka tura mata gaisuwa ta waya. Da na ce mu je mu gan ta, muka dubi juna. Babu wadda ta san gidanta.