Shanun Yayana a Bayan 'Yan Rawa

Littafin siriri ne, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Na same shi a shagon hayar littattafai da ke bakin kasuwar Daura, a shekarun farko na dawowar Shari'a, lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban yi aure ba. Mai shagon ya ce an daɗe ba wanda ya ɗauke shi, don babu soyayya a ciki.

Labarin wani zamani ne mai zuwa, da rijiyoyi suka ƙafe tun daga Daura har Damagaram. Mutanen wani ƙauye suka shiga jirgi mai girman unguwa, da shanunsu da irin geronsu, suka bar duniyar nan suka nufi wata duniyar mai rana biyu. Jagorarsu tsohuwa ce, ungozoma mai kaifin harshe. Ita ce ta tara malaman da ke cikin jirgin ta ce ba za ta sake ɗora tukunya ba sai sun gaya mata ina alƙibla take, tunda duniyar da suka baro ta koma ɗigon haske a bayansu.

Yayana fataucin shanu yake yi, daga kara, wato kasuwar shanu ta Mai'adua, zuwa Kano. Karatun allonsa ya yi nisa, amma boko a hankali yake tafiya a kansa. Wata la'asar ya tarar ina dariya ni kaɗai a tsakar gida, ya tambayi dalili, na karanta masa wurin da nauyi ya ɗauke a cikin jirgin, shanu suka tashi sama suna shawagi, makiyayinsu yana bin su da igiya yana kiran kowace da sunanta. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Sannan ya ce in koma farko.

Daga nan duk ranar da yake gari, bayan la'asar sai ya jawo tabarma ya ce, "Malama, ina muka tsaya?" Da muka gama, muka sake. Ya kai ya haddace maganganun tsohuwar, yana jefa wa matarsa in ta makara da abinci. Matsalar alƙiblar ma sai da ya kai wa kawunmu, malami mai karantar da manya a zaurensa, suka yini suna tattaunawa, kawu har da jawo littattafansa.

Mai shagon ne ya fara gaya mini cewa wasu 'yan fim na Kano sun karɓi labarin za su mayar da shi fim. Watannin da suka biyo baya, ni da Yaya ba mu da wata hira sai wannan. Mun yi gardama a kan wadda za ta iya fitowa a tsohuwar. Mun yi gardama a kan jirgin: ni ina ganinsa dogo kamar jirgin ƙasa, shi kuwa ya dage zagayayye ne kamar rumbu, har ya zana mini a ƙasa da tsinke. Na ce masa ban ga yadda za su sa saniya ta tashi sama ba. Ya ce mutanen da ke sa mutum ya ɓace a gaban idonka, saniya ce za ta gagare su?

Da rani sai ga su sun zo ɗaukar wani ɓangare a yashin da ke bayan Mai'adua, wajen hanyar Kongolam, suna cigiyar wanda zai ba su aron garke. Yaya bai jira an zo wurinsa ba. Ya zaɓi shanunsa mafiya kyau, farare masu dogon ƙaho, ya fasa kai su Kano a makon, ya kora su da kansa. Sun yini a rana ba kiwo.

Da ya dawo na tare shi tun a zaure. Ya ce bai ga tsohuwa ba, bai ga jirgi ba. Wata yarinya ya gani da wani saurayi, da babbar lasifika, ana ta sa su suna zagaya shanun. Sannan ya ce wataƙila mafarki ne wani yake yi a cikin jirgin, jirgin kuma ai da kwamfuta za a haɗa shi a Kano. Na ce haka ne, Yaya. Ni ma so nake ya zama haka.

A lokacin an rufe gidan kallon unguwarmu. Da faifan ya fito, Yaya ya sayo, ya aro janareta, ya gayyato abokan sana'arsa na kara, dillalai da mahauta, mutanen da ya cika wa kunne da labarin. Har kawu ya aika wa. Bayan la'asar suka cika zaure, ni da matarsa muka zauna daga ciki muna leƙe ta bayan asabari.

Sunan littafin ne kawai ya rage. Tsohuwar ta zama budurwa mai jan baki. Duniya mai rana biyu ta zama dajin aljanu, wanda saurayin ya shiga don ya ceto ta. Babu fari, babu irin gero, ba wanda ya tambayi alƙibla. Jirgin ya bayyana sau ɗaya, a hoton da ke manne a bangon ɗakin saurayin. Can tsakiya kiɗa ya tashi, sai ga shanun Yaya, a tsaye cikin rana, kunnuwa a sake, yarinyar da saurayin suna rawa a gabansu.

Wani dillali ya gane su nan take. Ya nuna bijimin da ke gefe ya kira sunan Yaya, zaure ya kwashe da dariya. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Wannan ne abin da ka sa na buɗe littattafaina a kansa?"

Yaya bai kashe talabijin ɗin ba, don baƙinsa ne, kuma mafi yawansu suna jin daɗin abin. Ya zauna har ƙarshe yana kallon ƙafafunsa.

Daga baya mai shagon ya je Kano sari, ya dawo da abin da ya jiyo. Wai 'yan fim ɗin sun ce tsohuwa ba ta sayar da faifai, jirgi kuma ya fi ƙarfinsu, batun alƙibla kuwa sun ji tsoron ya jawo musu magana. Na ce to me ya sa suka taɓa littafin? Rawa ba ta jawo magana ba, sai tambayar da malamai suka ji daɗin amsawa? Ya ɗaga kafaɗa. Ya nuna mini sabon bugu da ya sayo, fuskokin 'yan wasan a bango. Na buɗe, na ga an sake rubuta shi ya bi fim ɗin. Na tambaye shi tsohon bugun, ya ce ya haɗa da tsofaffin takardu ya ba mai tsire.

Fim ɗin ya karɓu sosai. In na ce wa mutum ainihin labarin ba haka yake ba, sai ya dube ni kamar ni ce na ƙirƙira. Kawu bai taɓa yarda cewa littafin daban ne ba, har ya rasu.

A kara kuwa aka laƙaba wa Yaya "mai shanun rawa". Da farko yana faɗa, daga baya ya daina. Yanzu gemunsa ya yi fari, yaran da ba a haifa ba lokacin su ma haka suke kiransa, ba su san dalili ba, yana kuma amsawa. Na taɓa kawo masa wani littafi bayan na yi aure, na ce wannan ma zai so shi. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙo mini, ya tambaye ni lafiyar maigidana da yara.