Nonon da ake tatsewa a bayan rijiya

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da bazarar da na yi aikin cika leda a wata garkar dashe kusa da Cadawa. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Lokacin ɗiyata tana da wata bakwai, hatsinmu ya ƙare, maigidana kuma ya tafi cin rani. Aikin shi ne a gauraya ƙasa da taki, a cika ƴan baƙaƙen ledoji, a dasa mangwaro da lemo da furanni a ciki. Wani babban shagon Maradi ke saye, ya kai gidajen masu hali. Mu ƴan gari mu zo da hantsi, mu koma da la'asar. Amma akwai waɗansu mata da wani ɗan kamasho ya kwaso daga ƙauyukan Gangara, su a garkar suke kwana, cikin rumfar zana. Ba a barin su zama da mu, kuma muna fita ake sa kwaɗo a ƙofa. Na gani, na ce ba ruwana. Ni dama matsoraciya ce.

Akwai ɗaya cikinsu, tsarata. Duk sanda ɗiyata ta yi kuka, sai gaban rigarta ya jiƙe, ta ja mayafi ta rufe, alhali babu goyo a bayanta. Mai shayarwa ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan. Ran nan na je ɗibar ruwa, na iske ta tsugune bayan rijiya tana tatse nono a ƙasa. Na tambaye ta ina yaron, ta sunkuyar da kai. Ashe ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta kama zancensa. Wata dattijuwa cikinsu ce ta raɗa mini sauran. An ce musu aikin kwana huɗu ne, kuma ba a son mai goyo, shi ya sa ta bar ɗan wata shida wurin kakarsa. Suna isowa mutumin ya karɓe katin ɗan ƙasa da salular kowacce, wai ajiya. Ya ce ba mai tafiya sai dashen shagon ya cika, wadda kuma ta fita ba kati jandarma za su kama ta a hanya. Ga shi an shiga sati na uku. Tana tatsewa ne don kada nonon ya ƙafe kafin ta koma.

Kwana biyar ina riƙe da maganar nan a ciki. Na yi ta saƙawa ina kwancewa: in na yi magana aka kore ni, me za mu ci?

Rana ta shida kamyon shagon, babbar motar ɗaukar kaya, ya zo, da wata mata mai riƙe da takarda. Ta ce ƙa'idarsu ce su ji ta bakin ma'aikata kafin a yi lodi. Aka jera mu gindin dogon yaro, ɗan kamashon ya kawo mata kujera ya tsaya kusa da ita yana murmushi. Ta tambaya ko an tilasta wa wata, ko akwai damuwa. Kowa ya ce lafiya lau. To, wa ya taɓa tambayar mutanenmu lafiya suka ce babu? Ko wanda ke kwance a likita haka zai ce, balle ga mai riƙe da katinka tsaye yana kallon bakinka. Da ta zo kan yarinyar ta tambaye ta ko tana da yara, sai ta dubi ƙasa. Mutumin ya yi dariya ya ce amarya ce, kunya gare ta. Matar ta rubuta, ta rufe takarda, aka fara lodi.

Ƙaryar nan ce ta tsaya mini a wuya. Sai na ce, "Hajiya, don Allah dubi gaban rigarta. Amarya ce ke zubar da nono? Kar ki tambaye ta, ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba. Wannan mutumin za ki tambaya ina katinta."

Ɗan kamashon ya ce, "Ke wa ya sa da ke? Koma kan ledarki, sarkin shisshigi."

Matar ta daɗe tana duban rigar. Sannan ta ce masa ya je can wurin mota ya jira. Yana bada baya bakin dattijuwar ya buɗe, saura suka bi. Matar ta sa aka sauke duk abin da aka loda, ta ce ko leda ɗaya ba za ta bar garkar ba. Ta kira ɗan kamashon ta nemi katunan, ya ce suna gida. Ta ce to bari ta kira jandarma su raka shi. Sai ga su ya zaro daga aljihun rigarsa, ɗaure da roba. Mai garkar kuwa, wanda makullin ƙofa ke hannunsa, ya dinga rantsuwa wai shi bai san komai ba.

Kamyon da ya zo ɗaukar furanni, mata ya kwasa ya kai su tasha. Ni washegari aka ce aikina ya ƙare. Mun sha wuya har damina ta sauka, amma ban yi nadama ba.

Bayan kaka na gamu da dattijuwar a kasuwa. Ta ce sun iske yaron ya rame, zawo ya kusa kai shi, kuma kwana biyu yana ƙin uwarsa, sai a na uku ya kama nono. Ya rayu, alhamdu lillahi. Ina dawowa gida ina lissafi: cikin kwanakin da yaron nan ya yi yana ramewa, biyar nawa ne, ni da na sani na kama bakina.

Abin da na koya ke nan. Lafiya lau ɗin da aka faɗa gaban mai riƙe da kai ba amsa ba ce, mai tambaya ya fara kawar da shi tukuna, ya kuma yi aiki da idonsa. Wanda kuma ya gani ya yi shiru, ya sani akwai mai biyan shirun nan, kuma galibi wanda bai da bakin magana ne.