Maginin da Ya Ƙi Tare Hanyar Ruwa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sidi magini, Allah Ya jiƙansa. Daga Fakku ya zo Tambuwal yana saurayi, kuma da wuya ka ratsa unguwarmu ba ka jingina da bangon da ya ɗora ba. Amma ba da gini aka fi tuna shi ba. Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ɗauki shebur ya shiga yashe kwatar layinmu shi kaɗai. Masu zaman majalisa suka laƙaba masa Sarkin Kwata. Ni kuwa a lokacin ina budurwa, kunya kamar ta kashe ni.

Akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi da ya kira shi ya gina masa shaguna a wani fili mai ɗan gangare. Baba ya zagaya filin sau biyu, ya ce, "Alhaji, nan ruwa ka bi. Ba ni gini nan." Alhaji ya ji haushi, ya ɗauko wani magini. Wannan ranin Baba bai samu aikin kirki ba, don an yi ta yaɗa cewa ya cika iyayi.

Damina biyu bayan nan aka yi wani ruwa da hantsi wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ruwan ya zo ya tarar da shaguna sun tare masa hanya, sai ya juyo cikin gidaje. Katangun ƙasa suka fara zubewa, mata na kwashe yara da buhunan gero. Baba ya saɓa diga ya nufi shagunan. Ya tarar da Alhaji tsaye cikin ruwa har gwiwa. Alhajin ne da kansa ya nuna masa kusurwar da zai fasa. Ruwa ya samu mafita, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Yanzu ina koyarwa a Kebbe, amma nakan je gida. Yanayi ya ƙara rikicewa tun bayansa: zafin bazara ya tsananta, damina takan yi jinkiri, in ta zo kuma sai ta sauke ruwan wata guda a yini ɗaya. Abin da ke faranta mini rai shi ne yadda unguwar ta tashi tsaye. An kafa kwamiti, kuma yawancin shugabanninsa mutanen majalisar nan ne masu dariya. Kafin saukar ruwan fari magidanta kan fito da shebur da baro, mata su tsince ledojin da ke toshe magudana. Mai unguwa ba ya shaida cinikin fili sai an duba inda ruwa ke bi. An dasa dogon yaro a gefen layi, har masu babur sun samu inuwar jiran fasinja. Alhaji ya tsufa, amma sai an fito masa da kujera ya zauna yana ba da umarni.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai fara da yabo ba. Zai tsuguna ya ƙare wa kwatar kallo, ya ce zurfinta bai isa ba, sannan ya karɓe shebur daga hannun wani. Sai ya dawo gida ne zai yi murmushinsa.

Bai bar mana dukiya ba. Ya bar unguwar da ta daina firgita in hadari ya taso. Bara ina gida aka tsuge da ruwa mai ƙarfi bayan la'asar. Na tashi da sauri zan ɗaga kayan ɗaki, sai Inna, mahaifiyata, ta riƙo zanena.

"Zamna ɗiyata," in ji ta. "Ruwan ga wucewa shika yi."

Muka zauna a bakin ƙofa muna ɓarar gyaɗa, muna kallonsa yana bin hanyarsa har ya fice daga gari.