Buhu Ashirin na Yayana

Shekarar da aka zo tsara hanyoyin dakon kaya na yankinmu, ina ƙaramin ma'aikaci a Goronyo. Baƙin da suka zo aikin sun ce za a gyara hanyar duk ƙauyen da ke fitar da kaya mai yawa, manyan motoci su riƙa kwasa zuwa tashar jirgin ƙasa in ya dawo aiki. Aka miƙa mini takardu, in zaga in tambayi manoma yawan albasar da suke samu.

A wurinmu mutum ba ya faɗin abin da ya noma. Ko buhu ɗari biyu ya tara, cewa zai yi an samu ɗan abin miya. Tsoron baki ne, da kunya. Na san haka tun ina goye.

Na iske yayana a bakin rudunsa, rumbun kara da ake ajiye albasa, cike har wuya. Na tambaye shi.

"Kai ko, mi kaka son in ce? Rubuta ashirin."

"Yaya, don hanya ta suka tambaya."

"Ashirin nic ce ma."

Na rubuta ashirin. Haka maƙwabtansa suka yi, haka na rubuta. Ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban mutane, ga rana, ga takardu tuli a gabana. Ban ma ji wani abu ba.

Da tsarin ya fito, ƙauyenmu na cikin masu ƙarancin kaya. Aka kai gyaran hanyar wani gefen.

Shekara biyu bayan nan ruwa ya sauka da wuri. Hanyarmu ta zama taɓo, direbobi suka ƙi shigowa. Mako uku albasar yayana na jiran mota, har ta fara ruwa, warin ya cika unguwa. Na je na taya shi kwashewa zuwa rami. Na so in ji haushi, nasa ko nawa, abin bai zo ba. Kwando kawai nake ɗauka ina juyewa.

Can ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"In mutanen nan sunka komo, ka rubuta gaskiya."

A ofis an riga an gaya mana an rufe tsarin, sai bayan shekaru masu yawa. Yayana ya haura sittin.

Na ce, "To, Yaya." Na miƙa masa kwandon.