Waken da ya ƙi nuna ranar gayya

Ko mi zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da wake ya tsaya mini a tukunya ba. Ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Kebbi ba, maigidana ya rasu, fadamarmu ta albasa a bayan Aliero ta dawo hannuna.

Babban ɗana direba ne, yana kai albasa kudu. Wata dawowa ya sauke mini buhu a tsakar gida. Na buɗe na ga wani wake ƙanana, rawaya, mulmulalle. Ya ce waken suya ne, can inda ya biyo shi ake nomawa, har kamfani ke saye. “Inna, an ce akwai nama ciki, akwai nono.” Na dube shi, na dubi waken. Na ce yaya ake dafa shi? Abin da ya riƙe kawai shi ne a jiƙa. Washegari ya koma hanya.

A makon na kira gayyar dashe. Gayya ba a biya, abinci ne ladarta. In ya yi kyau maza su kai magariba, in bai zo ba su tafi salla ba su dawo ba. Ga shi irin albasa da zarar an cire shi, in ya kwana bai shiga ƙasa ba ya lalace. Akuyar yankawa ba ni da ita a shekarar, sai na ce ga wake mai nama, Allah ya kawo sauƙi.

Na kwana da shi a jiƙe, da asuba na ɗora rabi. Hantsi ya yi, na latsa, yana nan kamar tsakuwa. Na sa kanwa. Na ƙara itace. Na ƙara kanwa har ruwan ya yi ja. Ni da nake dafa wake tun ban kai tsayin turmi ba, na tsaya da muciya ban san mi zan yi ba. Maƙwabta suka taru. Wata ta ce baki ne, wata ta ce wani ya leƙa tukunyar da mugun ido. Ni kuwa duk wadda ta shigo gidan tun safe ina riƙe da fuskarta, na bi su ɗaya ɗaya a raina ban sami mai laifi ba.

Sai ga matar mai injin niƙa, wadda ta yi zama a Zariya. Ta leƙa ta yi dariya. “Inna, wanga ba a dahwa shi haka. Ina sauran?” Ta ɗora wanda ke jiƙe a kabu-kabu aka kai inji. Ni kuma na aika wa maza fura, na ce su yi haƙuri.

Da ƙullun ya dawo ta tace shi a ƙyalle, wani farin ruwa ya fito. Bafillatanar da ke kawo mana nono tana zaune, ta sauke ƙwaryarta ta matso. “Wace saniya ta haihi wanga?” Aka tafasa, aka zuba ruwan tsami, abin ya dunƙule ina kallo. Aka matse, aka danne da dutsen niƙa, aka yanka, aka soya. Ta ce sunansa awara. Muka juye shi a miyar albasa, na ɗauka da kaina zuwa fadama.

Na iske wasu sun fara sa takalmi, rabin iri na kwance a inuwa. Sarkin gayya, ƙanen maigidana, ya ɗauki yanki ɗaya ya juya shi.

“Yaya, naman mi na wanga? Ba ƙashi, ba jijiya.”

“Wake na.”

“Wake mun san shi. Wa yay yanka?”

Ba wasa yake yi ba. Duk suka janye hannu, don ba mai cin abin da bai san wanda ya yi masa bisimilla ba. Na ce ba a yanka ba, inji ya niƙa. Wani ya ce to inji Musulmi ne? Aka yi dariya, amma ba wanda ya taɓa kwanon.

Ni kaina ban ɗanɗana ba tukuna. Sai na zauna gabansu, abin da ban taɓa yi ba, na yi bisimilla na ci. Sun san ni, ko ruwan gidan da ban yarda da shi ba ba na sha. Sarkin gayya ya jira na haɗiye, sannan ya sa hannu. Kafin magariba iri ya shiga ƙasa duka.

Yau yara na sayar da awara a tashar Jega da ta Maiyama, ba mai tambaya. Ni har yanzu ban gane yadda nono ke fita daga wake ba. Da, duk abin da ke tukunyata na san gonarsa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in baƙon abu ya shigo gidanki, ki tambayi yadda ake bi da shi kafin ki hura wuta. In kuma za ki ba mutane abin da ba ki gane ba, ke za ki fara ci.